Gwarzuwa Tsakanin Ƙasashe Biyu: Nazari a Kan Rayuwar Wasa ta Nneka Ogwumike

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci wasanni a Nijeriya, abin da ke fara faɗowa a ran mutane shi ne ƙwallon ƙafa, shi ma na maza. Ko a ɗakunan kwanan ɗalibai, musun da ake tafkawa da dare bai cika wuce na kulob-kulob ɗin Ingila ba. Amma kuwa tawagar mata 'yan ƙwallon kwando ta Nijeriya, wadda ake kira D'Tigress, ta ɗauki kofin Afirka sau biyar a jere, a 2017 da 2019 da 2021 da 2023 da kuma 2025. Wannan ba ƙaramin abin alfahari ba ne.

Wannan nazari zai duba rayuwar wata 'yar wasa ce da ba ta taɓa sanya rigar wannan tawaga a wata gasa ba, ko da yake ta nemi hakan da gaske. Sunanta Nneka Ogwumike. Iyayenta 'yan Nijeriya ne, an haife ta a Amurka, kuma tana cikin matan da suka fi kowa iya ƙwallon kwando a zamaninta. Tambayar da za a yi ƙoƙarin amsawa ita ce: shin ƙwarewa kaɗai ta isa ta ba mutum haƙƙinsa? Za a bi tarihinta daki-daki, daga makaranta zuwa wasan sana'a, daga nan zuwa shugabancin ƙungiyar 'yan wasa, sannan a tsaya a kan batun da ya fi ci mata tuwo a ƙwarya, wato gasar Olamfik.

2.0 Taƙaitaccen Bayani a Kan Wasan

Kafin a shiga tarihin, ya kamata mai karatu ya san yadda wasan yake. Wani malami ɗan asalin Kanada mai suna James Naismith ne ya ƙirƙiro ƙwallon kwando a Amurka a 1891. Kwandunan zuba 'ya'yan itace ya fara ratayawa a sama domin a riƙa jefa ƙwallo a ciki, don haka sunan da Hausa ta ba wasan ya dace da asalinsa. Shekara ɗaya bayan haka mata suka fara buga shi, amma sai a 1976 aka sanya na mata a gasar Olamfik.

Kowane ɓangare yana da 'yan wasa biyar a fili. Tsayin kwando daga ƙasa mita 3.05 ne. Jifar da ta shiga daga kusa maki biyu ce, wadda ta shiga daga bayan dogon layi maki uku, jifar da aka bayar saboda laifi kuwa maki ɗaya. A wasan ƙwararrun mata akan raba lokaci kashi huɗu, kowane kashi minti goma. Akwai kuma wani aiki mai muhimmanci da 'yan kallo ba su cika lura da shi ba. Idan aka yi jifa ba ta shiga ba, ƙwallon yakan bugi bakin kwando ko allo ya dawo, sai a yi rububin kama shi. A wannan nazari za mu kira wannan aiki cafka. Mai karatu ya riƙe wannan kalma, domin cafka ce ta kawo wa Nneka babbar nasararta.

Gasar ƙwararrun mata ta Amurka ita ce WNBA. An kafa ta a 1996, aka fara wasa a 1997. A yawancin shekarun da Nneka ta yi tana wasa, kulob 12 ne a gasar, kuma babu kulob ɗin da zai riƙe fiye da 'yan wasa 12. Wato gurbi 144 ke nan kacal ga dukan matan duniya masu neman shiga.

3.0 Tasowarta da Karatunta

An haifi Nnemkadi Ogwumike ranar 2 ga Yuli, 1990, a garin Tomball da ke jihar Teksas. Iyayenta Inyamurai ne da suka je Amurka daga Nijeriya. Sunan da aka fi saninta da shi, wato Nneka, a harshen Ibo yana nufin uwa ta fi komai. Ita ce babba a cikin 'ya'ya mata huɗu, kuma dukansu sun buga ƙwallon kwando har matakin jami'a.

Ba da ƙwallon kwando ta fara ba. Ita da ƙanwarta Chiney wasan alkafura da tsalle-tsalle suka fara koya, sai tsayi ya yi musu yawa ga wannan wasa, shi ne suka koma ƙwallon kwando. Masu iya magana na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A 2008 makarantar sakandarensu, Cy-Fair, ta ɗauki kofin jihar Teksas, kuma a wannan shekara aka zaɓi Nneka a matsayin gwarzuwar 'yan sakandare ta ƙasa baki ɗaya.

Daga nan ta wuce Jami'ar Stanford da ke Kalifoniya, inda ta yi wasa daga 2008 zuwa 2012 a ƙarƙashin shahararriyar mai horarwa Tara VanDerveer. A nan ya kamata a fahimci wani bambanci tsakanin tsarinsu da namu. A Amurka jami'a ce babbar hanyar zama ƙwararren ɗan wasa. Tun 1972 akwai dokar da ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin mace da namiji, kuma wannan doka ta buɗe wa mata ƙofar samun tallafin karatu ta hanyar wasa. Saboda haka yarinya mai hazaƙa takan samu koci da filin atisaye da digiri a wuri guda.

A dukan shekaru huɗun da Nneka ta yi a Stanford, sai da jami'ar ta kai zagayen kusa da na ƙarshe a gasar jami'o'in ƙasar. A 2010 ta ci maki 38 ita kaɗai a wasansu da Jami'ar Oklahoma, suka kai wasan ƙarshe, amma Jami'ar Connecticut ta doke su da maki 53 da 47. A watan Disamba na wannan shekara suka rama, inda suka kawo ƙarshen wasa 90 da Connecticut ta ci a jere. Duk da haka ta bar jami'a ba ta ɗauki kofin ƙasa ba. Abin da ta fita da shi shi ne digiri a fannin nazarin halayyar ɗan'adam, da kuma suna.

4.0 Wasan Sana'a

Kowace shekara kulob-kulob na WNBA sukan zauna su zaɓi sababbin 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya. Wadda aka fara kiran sunanta ita ake ganin ta fi kowa a wannan shekara. A 2012 kulob ɗin Los Angeles Sparks ne ke da zaɓin farko, kuma Nneka ya ɗauka. Ba ta ba su kunya ba, domin ita ta zama gwarzuwar sababbin 'yan wasa a wannan kaka. Bayan shekara biyu, a 2014, kulob ɗin Connecticut Sun shi ma ya ɗauki ƙanwarta Chiney a zaɓin farko. Ba kasafai ake samun wa da ƙane ko ya da ƙanwa su yi irin wannan dace ba.

Tsayin Nneka mita 1.88 ne. A cikin jama'a doguwa ce ƙwarai, amma a gindin kwando, inda take wasa, akwai da yawa da suka fi ta tsayi. Abin da ta dogara da shi shi ne saurin tsalle, da ƙarfin jiki, da sanin inda ya kamata ta tsaya. Ba ta yawan jifar ganganci. Sai ta ga hanya take jefawa, shi ya sa jifarta ba ta cika faɗuwa banza ba.

4.1 Shekarar 2016

Idan ana son a san Nneka a fili, to a dubi shekarar 2016. A wannan kaka, idan aka daidaita, tana cin maki 19.7 tare da cafka 9.1 a kowane wasa. Abin da ya fi ba masana mamaki shi ne, a cikin kowace jifa 100 da ta yi, fiye da 66 sun shiga. A wasan ƙwallon kwando, wanda rabin jifarsa ke shiga ma gwani ne. Akwai lokacin da ta yi jifa 23 a jere, a cikin wasa uku, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Saboda haka aka zaɓe ta gwarzuwar gasar ta wannan shekara.

Sparks ta kai wasan ƙarshe, inda ta haɗu da Minnesota Lynx mai riƙe da kofi. Ƙa'ida a wancan lokaci ita ce wanda ya fara cin wasa uku cikin biyar shi ke ɗaukar kofi. Aka yi biyu da biyu, aka tafi wasa na biyar a gidan Lynx ranar 20 ga Oktoba. Saura daƙiƙa 15 a tashi, Maya Moore ta jefa wadda ta sa Lynx a gaba da maki 76 da 75. Sparks ta kawo hari na ƙarshe. Chelsea Gray ta yi jifa, ba ta shiga ba. Nneka ta yi tsalle ta cafke. Ta ɗaga za ta jefa, sai Sylvia Fowles, wadda ta fi ta tsayi nesa ba kusa ba, ta kaɗe ƙwallon. Ƙwallon ya sake dawowa hannun Nneka, ta sake jefawa tana faɗuwa da baya, ya shiga. Agogo ya nuna saura daƙiƙa 3.1. Aka tashi 77 da 76. Wannan ne kofi na uku ga Sparks, bayan na 2001 da 2002.

Abin lura a nan shi ne, ba don ita aka shirya jifar ƙarshe ba. Ta samu damar ce saboda ta tsaya a inda ake wahala, kuma da aka tare ta sau ɗaya ba ta tsaya kallo ba. A shekara mai zuwa, 2017, kulob biyun suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe, Lynx ta rama. Nneka ta zauna a Sparks har kaka 12, sannan a 2024 ta koma Seattle Storm. Zuwa 2025 an zaɓe ta cikin taurarin gasar har sau goma. A 2021 an sanya ta cikin mata 25 da suka fi fice a tarihin WNBA. Har ila yau ta karɓi kyautar kyan hali a fili sau uku a jere, daga 2019 zuwa 2021.

4.2 Ci-rani a Ƙasashen Waje

Mai karatu zai iya zaton wadda ta kai wannan matsayi ta huta da neman kuɗi. Ba haka abin yake ba. Kakar WNBA gajera ce, takan fara a watan Mayu ta ƙare a wajen Oktoba, kuma albashinta bai kama ƙafar na maza 'yan NBA ba. Kafin 2020, albashi mafi girma da mace za ta samu a shekara shi ne dala 117,500, alhali ɗan wasan da ya fi kowa ƙarancin albashi a NBA ya ninka wannan sau da yawa. Saboda haka a wancan lokaci da an rufe kaka, sai yawancin matan su ɗaure kaya su tafi Turai ko Asiya, inda wasu kulob-kulob ke biyan fiye da abin da ake biya a gida. Idan aka kira wannan ci-rani ba a yi kuskure ba.

Nneka ta yi irin wannan ci-rani a Foland da Sin da Rasha. A Rasha ta daɗe a kulob ɗin Dynamo Kursk, har suka ɗauki kofin zakarun Turai na mata a 2017. Amma zuma ce, ga zaƙi ga harbi. Mai wasa rani da damina ba ta da lokacin da jikinta zai huta, rauni yakan yi yawa, ga nisa da iyali. Haɗarin abin ya fito fili a watan Fabrairu na 2022, lokacin da aka tsare Brittney Griner, wata tauraruwar WNBA, a Rasha, a kan hanyarta ta komawa kulob ɗinta na can. Sai a watan Disamba aka sako ta ta hanyar musayar fursunoni.

5.0 Shugabancin Ƙungiyar 'Yan Wasa

'Yan wasan WNBA suna da ƙungiyarsu ta ƙwadago, kamar yadda malamai da likitoci ke da tasu a nan gida. A 2016, shekarar da ta ɗauki kofi, suka zaɓi Nneka shugaba, ta gaji Tamika Catchings. Tana da shekara 26 a lokacin. Sun sake zaɓenta a 2019 da 2022.

Babban aikin ƙungiyar shi ne ƙulla yarjejeniya da masu gasar a kan albashi da sharuɗɗan aiki. A ƙarshen 2018 'yan wasan suka yi amfani da damar da suke da ita, suka ce sun fita daga tsohuwar yarjejeniya. Wannan mataki yana da haɗari, domin da tattaunawa ta wargaje, da an iya rasa kaka guda da albashinta. Aka shafe fiye da shekara ana ja-in-ja. A watan Janairu na 2020 aka cimma sabuwar yarjejeniya. Ga wasu daga cikin abubuwan da ta ƙunsa:

(a) Albashi mafi girma ya tashi daga dala 117,500 zuwa dala 215,000.

(b) Wadda ta tafi hutun haihuwa za ta karɓi albashinta cikakke, maimakon wani kaso da ake bayarwa a da.

(c) Uwa mai shayarwa ko mai ƙananan yara za ta samu dala 5,000 a shekara domin reno, da gida mai ɗaki biyu.

(d) Idan an yi tafiya, kowace 'yar wasa za ta samu ɗakinta ita kaɗai a masauki.

Idan aka duba wannan jeri, za a ga ba kuɗi kaɗai aka nema ba. An nemi a amince cewa 'yar wasa ma'aikaciya ce, kuma mace ce da za ta iya haihuwa ba tare da sana'arta ta mutu ba. Sai dai ciniki ba ya yiwuwa sai kowa ya rage. A nasu ɓangaren, 'yan wasan sun yarda da sharaɗin cewa dole su dawo daga ƙasashen waje a kan lokaci, in ba haka ba a ci su tara ko a dakatar da su. Wannan sharaɗi ya takura wa wasu, musamman 'yan Turai, kuma an soki ƙungiyar a kansa.

Gwagwarmayar ba ta tsaya nan ba. A watan Agusta na 2022, bayan wani wasa a birnin Washinton, aka soke jirgin da zai mayar da 'yan Sparks gida, wasunsu suka kwana a filin jirgin sama. Nneka na cikinsu. Ta ɗauki hoton bidiyo da asuba ta nuna wa duniya, sannan ta fitar da sanarwa da sunan ƙungiya tana neman a riƙa ɗaukar wa 'yan wasa shatar jirgi. A 2024 aka fara yin hakan ga dukan kulob-kulob. A watan Oktoba na wannan shekara kuma, ganin yadda 'yan kallo da kuɗin talabijin suka ƙaru, 'yan wasan suka sake ficewa daga yarjejeniyar domin neman kaso mafi tsoka. A wasan taurari na 2025 sun fito da riguna masu ɗauke da saƙon a biya su haƙƙinsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma jinka ma tana bukatar mai cewa a ɗaga.

6.0 Batun Olamfik

A nan ne gizo ke saƙa. Nneka ta fara yi wa Amurka wasa tun tana matashiya. Tana cikin tawagar da ta ɗauki kofin duniya a Turkiyya a 2014, da wadda ta ɗauka a Sifaniya a 2018. A gasar 2018 ɗin Amurka ce ta fitar da Nijeriya a zagayen kwata-fainal. A watan Fabrairu na 2020, a gasar neman gurbin Olamfik da aka yi a ƙasar Sabiya, ita aka zaɓa gwarzuwa. A can ma sun haɗu da Nijeriya, kuma da ƙyar Amurka ta sha da maki 76 da 71.

Duk da wannan hidima, Amurka ba ta taɓa tafiya da ita Olamfik ba. A 2016, shekarar da ta fi kowa, an bar ta a gida. A watan Yuni na 2021, da aka fitar da sunayen masu zuwa Tokyo, babu nata. An kafa hujja da raunin da ta ji a gwiwa, ko da yake ana sa ran za ta warke kafin gasar. A lokacin, ita kaɗai ce ta taɓa zama gwarzuwar WNBA ba tare da ta je Olamfik ba. Tsofaffin abokan wasanta da yawa sun fito sun ce ba a yi mata adalci ba.

Sai ta juya ga ƙasar iyayenta. Tana da takardar zama 'yar Nijeriya, hukumar ƙwallon kwando ta Amurka ta sake ta, Nijeriya kuma ta sanya sunanta a jerin farko tare da ƙannenta biyu, Chiney da Erica. Abin da ya rage shi ne amincewar FIBA, wato hukumar ƙwallon kwando ta duniya. Dokar FIBA ta ce wanda ya yi wa wata ƙasa wasa a babbar gasa bayan ya cika shekara 17 ba zai koma wata ba. Amma dokar ta bar ƙofa: babban sakataren hukumar zai iya ba da izini idan ya ga komawar za ta taimaki bunƙasar wasan a ƙasar asalin ɗan wasan. Ta wannan ƙofa Nneka ta so ta bi.

A watan Yuli na 2021 FIBA ta ƙi, bisa dalilin cewa ta daɗe ƙwarai tana yi wa Amurka wasa, fiye da shekara goma. Ta kai ƙara kotun sasanta rigingimun wasanni da ke Siwizalan, kotun ba ta ba ta izinin gaggawa da ta nema ba. An hana wata 'yar wasan mai suna Elizabeth Williams bisa irin wannan dalili. Chiney kuwa an ce za ta iya wasa, amma a matsayin wadda ta nemi zama 'yar ƙasa, ba haifaffiya ba, kuma gurbi ɗaya tak ake ba irin waɗannan a kowace tawaga. A ƙarshe Erica, autarsu, ita kaɗai ta je Tokyo. Nneka ta tashi ba tsuntsu ba tarko. Ta sake nema bayan haka, amsar ba ta sauya ba.

6.1 Wane Ne Ke da Gaskiya?

Ɗalibi mai nazari bai kamata ya saurari ɓangare ɗaya ba. Masu goyon bayan FIBA suna da hujja. Idan aka bar kowa ya sauya ƙasa duk lokacin da aka ƙi ɗaukarsa, to wakilcin ƙasa zai zama kamar sauya kulob, kuma ƙasashe masu kuɗi za su riƙa sayen 'yan wasa. Bugu da ƙari, duk wadda ta shigo daga waje, akwai wata da za ta rasa gurbinta, mai yiwuwa wadda ta sha wahalar wasannin neman cancanta tun daga farko.

Masu goyon bayan Nneka su ma suna da tasu. Ba sayo ta aka yi ba, jininta ne. Ƙasar da ta yi wa hidima ta sake ta da hannunta. Kuma idan zuwan gwarzuwar WNBA tawagar wata ƙasa ta Afirka bai zama taimako ga bunƙasar wasan ba, to wace irin komawa ce za ta zama? Ga alama ƙofar da dokar ta bari an yi ta ne don irin wannan hali, sai ga shi an rufe ta.

A ganina hujja ta biyu ta fi ƙarfi, amma akwai darasi a abin da ya biyo baya. A Tokyo Nijeriya ta sha kashi a dukan wasanninta uku. Kafin nan, nasara ɗaya tak tawagar ta taɓa samu a Olamfik, ita ce wadda ta yi a kan Koriya ta Kudu a ƙasar Girka a 2004, zamanin Mfon Udoka. Amma a Faris a 2024, a ƙarƙashin koci Rena Wakama, D'Tigress ta doke Ostireliya da maki 75 da 62, ta doke Kanada da 79 da 70, ta zama tawagar Afirka ta farko, ta maza ko ta mata, da ta kai kwata-fainal a ƙwallon kwandon Olamfik. Amurka ce ta tsayar da ita da maki 88 da 74. Wato tawagar ta nuna ba ta dogara da mutum ɗaya ba. Ita kuma Nneka, 'yan kwanaki kafin a tafi Faris, tana cikin taurarin WNBA da aka haɗa domin su gwada tawagar Amurka, kuma suka doke ta da maki 117 da 109.

7.0 Kammalawa

A wannan nazari an ga yadda Nneka Ogwumike ta taso daga gidan baƙi 'yan Nijeriya a Teksas, ta bi ta jami'a, ta zama gwarzuwa, ta ɗauki kofin Amurka da na Turai da na duniya. An kuma ga yadda ta jagoranci 'yan'uwanta har suka samu ƙarin albashi da hutun haihuwa da tafiya cikin mutunci. Daga ƙarshe an ga yadda abu ɗaya da ta nema wa kanta ya gagara.

Amsar tambayar da aka yi a farko ke nan: ƙwarewa kaɗai ba ta isa ba. A cikin fili, ƙwallo ko dai ya shiga ko bai shiga ba, kowa yana gani. A wajen fili kuwa akwai kwamiti da doka da yarjejeniya, kuma mutane ne ke rubuta su. Inda 'yan wasa suke da ƙungiya da wakilci a teburin shawara, Nneka ta sa an sauya dokoki. Inda ta tsaya ita kaɗai a gaban hukuma, dokar ce ta yi nasara a kanta. Ga 'yan'uwa mata da ke atisaye a filayen makarantunmu, da ma duk wanda zai fita neman aiki bayan digiri, wannan abin tunani ne: a iya aiki, amma a kuma karanta takardar da aka sa wa hannu, a san wanda ke yanke hukunci.

Tambayoyi Domin Nazari

1. Kawo dalilai biyu da ke sa ƙwararrun 'yan wasa mata zuwa ƙasashen waje bayan an rufe kakar WNBA.

2. Me ake nufi da "ba tsuntsu ba tarko"? Kawo wani karin magana mai irin wannan ma'ana, ka yi amfani da shi a cikin jimla.

3. Kalmar "gwarzuwa" ta fito ne daga "gwarzo". Kawo wasu kalmomi biyar da aka samar da jinsin mace daga na namiji, ka nuna ɗafin da aka yi amfani da shi.

4. A cikin sakin layi ɗaya, bayyana ra'ayinka a kan hukuncin da FIBA ta yanke a 2021.